KULƁA DA ABIN DA TAKE CI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyar da babba da ƙarami daga cikin halittunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayen yara, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan 'yar dabba shi ne wani abu da ya faru a makarantarmu a farkon daminar bana. Muna cikin hadda da hantsi sai muka ji ihu daga wajen randunan alwala. Kafin in isa wurin, 'yan aji biyu sun riga sun rufe wata kulɓa da jifa, har sun gama da ita. Na ce, "Me ta yi muku?" Suka haɗa baki suka ce, "Malam, dafi gare ta!" Na ce, "To, wa ta taɓa cizo a cikinku, ko a gidajenku?" Sai aka yi tsit. Can wani ya ce shi dai kakarsa ta gaya masa ta fi maciji sharri. Da na duƙa na juya gawar da tsinke, sai ga fiffiken shinge maƙale a gefen bakinta. Ashe baiwar Allah kalaci ta fito yi.

Wannan fiffike shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu dubi abincin kulɓa, domin wanda ya san abin da dabba take ci, da yadda take cinsa, ya san rabin halinta.

Da farko dai mu rarrabe. Ƙadangare shi ne mai kaushin jiki da ke hawa katanga yana gyaɗa kai, namijinsa mai jan kai. Tsaka ita ce mai laushin fata da manyan idanu, wadda ke bin bango da dare. Kulɓa kuwa ita ce mai santsi da sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa, ƙafafunta gajeru, wuyanta kusan kaurinsa ɗaya da jikinta, in tana gudu sai ta riƙa lanƙwasa kamar maciji. Ina jin wannan tafiya da wannan sheƙi su suka jawo mata baƙin jini. Masana halittu sun ƙidaya dangin kulɓa fiye da iri 1,500 a duniya. A nan ƙasar Gumel iri biyu muka fi cin karo da su. Akwai mai ratsi biyar a gadon baya, wadda ƙananan da matan suke da shuɗin wutsiya, tsawonta bai wuce taƙi guda da 'yan kai ba. Ita ce ta gindin katanga da bayan ɗaki. Akwai kuma babbar, mai kauri, wadda takan wuce santimita 30, namijinta yakan yi ja-ja a haƙarƙari. Ita ta fi son gona da gindin ciyawa. Dukkansu biyu masana suna sa su a gida ɗaya da suke kira Trachylepis.

ABINCINTA

Kulɓar ƙasarmu maciyar ƙwari ce. Tana cin gara da shinge, tana cin gyare da fara, musamman 'yan ƙananan da ba su yi fiffike ba, tana cin kyankyaso da buzuzu da sauran ƙwari masu ɓawo, da tsutsotsi, da gizo-gizo, da tururuwa. Babbar takan haɗiye ɗan ƙadangaren da bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba in ya yi sake. Wani lokaci kuma takan lashi nunannen abu mai zaƙi da ya faɗo ƙasa, amma wannan ɗan taɓawa ne kawai, ba shi ne tuwonta ba.

Wannan shi ya sa kuke ganinta inda kuke ganinta. Gindin randa akwai laima, laima kuwa tana tara gyare da kyankyaso. Juji da turken dabbobi suna tara tsutsa da buzuzu. Tarin kara da aka jingine a bayan gida, ko dangar da ta tsufa, gara ce cike a ciki. Wanda ya taɓa zagayawa bayan kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Juma'a, wato kashegarin cin kasuwa, zai ga yadda kashin shanu da na raƙuma ke tara ƙwari, ya kuma ga masu cin ƙwarin sun hallara: kaji, da tsuntsaye, da ƙadangaru, da ita gwanar tamu tana leƙowa daga ƙarƙashin itace. Haka abin yake a gindin ɗakunan ajiyar riɗi da zoɓo, da tsofaffin gine-ginen tashar jirgin ƙasa irin ta Gagarawa. Duk inda ƙwaro ya sami wurin zama, kulɓa ta sami kasuwa.

Wata uwa ta taɓa ce mini ita abin da ya haɗa ta da kulɓa shi ne kullum tana ganinta a gindin rumbu, tana zaton hatsi take sata. Na ce, "Hajiya, ɓera ne ɓarawonki." Kulɓa ba ta da haƙoran da za ta gurgura ƙwayar gero da su, cikinta ma ba a yi shi don hatsi ba. Masu cin hatsin take bi, da garar da ke cin ƙafafun rumbun.

Amma fa kada mu yi mata yabon da ya wuce gona da iri. Ba ta maganin sauro, domin ita da rana take kiwo a ƙasa, shi kuwa sauro da dare yake tashi. Saboda haka gidan sauro yana nan a matsayinsa. Ba ta kuma iya tare farin ɗango in sun taso, irin waɗanda suka cinye gonaki a Jamhuriyar Nijar a shekarar 2004. Wannan ya fi ƙarfin bakinta. Aikinta na yau da gobe ne, gyare ɗaya yanzu, kyankyaso ɗaya an jima, tun daga bazara har kaka, ba a biyanta ko sisi.

YADDA TAKE FARAUTA

A nan ne abin sha'awar yake. Ƙadangare mai zaman jira ne. Yakan hau dutse ko katanga ya kafa ido, sai abu ya motsa ya diro ya cafke ya koma. Kulɓa kuwa 'yar yawo ce. Takan bi gindin katanga a hankali, ta cusa kai cikin busasshen ganye, ta tsaya, ta matsa gaba, ta sake tsayawa. In kun lura da kyau za ku ga tana fiddo harshe tana mayarwa. To, wannan harshen shi ne babban abin da ke tsorata mutane, har a ce ai ga shi tana wasa dafi. Alhali kuwa sansana take yi. Harshen yakan kwaso ɗan ƙamshin da ke kan ƙasa da cikin iska, ya kai shi wasu 'yan ramuka biyu da ke ganɗarta, daga nan saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa cewa akwai gara a ƙarƙashin wannan kara, ko gyare ya bi ta nan. Wato da ido take ganin mai motsi, da harshe take gano wanda ya ɓuya. Maciji da damo su ma haka suke yi.

In ta kusanci abin da take so, sai ta zabura ta cafke shi da baki. Haƙoranta ƙanana ne, jere kamar bakin zarto, aikinsu riƙewa da murƙushewa. Ba ta tauna kamar yadda muke yi. In ƙwaron ƙarami ne, haɗiya ɗaya ce. In babba ne, kamar fara mai ƙayoyi a ƙafa, sai ta girgiza shi, ta buga shi da ƙasa, ta goga shi har ƙafafun su karye, sannan ta juya shi ta haɗiye, galibi ta wajen kai. Bayan ta gama sai ta lashe baki, wani lokaci ta goga shi a ƙasa, kamar mai goge hannu bayan cin tuwo.

Yanzu ku yi tunani. Maciji mai dafi, irin su kububuwa da gamsheƙa, yana da jakar dafi a bayan ido da fiƙoƙi masu kai dafin cikin nama, domin abincinsa ɓera ne da kwaɗo da tsuntsu, masu gudu ko kokawa. Wadda abincinta gara ne da gyare, me za ta yi da wannan makami? Masana sun bincika dangin kulɓa ba su sami mai fiƙar dafi ko jakar dafi ba. Ƙadangarun da aka sani da dafi mai hatsari ga mutum suna can Amurka da Meziko, kuma ba dangin kulɓa ba ne. In ka kama kulɓa da hannu za ta iya cizonka don ta kuɓuta, babbar ma har ta ɗan fasa fata, amma magani shi ne ruwa da sabulu.

Ba kowane ƙwaro ne ke ciwuwa ba. Kun san farar tumfafiya, mai ado da rawaya, wadda ke zaune a kan ganye ba ta ko gudu? Gubar tumfafiyar da take ci ita ke taruwa a jikinta, shi ya sa mafi yawan masu cin ƙwari suke ƙyale ta. Adon nata gargaɗi ne.

RANA ITA CE MURHUNTA

Mu 'yan Adam, da awaki da kaji, jikinmu da kansa yake yin ɗumi, kuma mafi yawan abincin da muke ci a nan yake ƙarewa, kamar itacen da ake ta turawa a murhu don kada wuta ta mutu. Kulɓa ba haka aka yi ta ba. Ɗuminta daga rana take samunsa. Shi ya sa da sassafe ba ku ganinta. Sai hantsi ya ɗaga take fitowa ta shimfiɗa jiki a kan dutse ko bulo, ta sha rana, sannan ta fara kiwo. In rana ta take, rairayin jigawa ya yi zafin da ko mutum ba ya iya taka shi ba takalmi, sai ta koma inuwa, ta sake fitowa wajen la'asar. Bayan ta ci ma tana bukatar ɗumi, domin in jikinta ya yi sanyi abincin ba ya narkewa da wuri.

Amfanin wannan tsari shi ne ɗan abinci kaɗan ya ishe ta. In aka auna kulɓa da ɓeran da nauyinsu ɗaya, abin da take bukata bai fi kashi ɗaya cikin goma na abin da ɓeran yake bukata ba. Ɓera in ya kwana biyu bai ci ba ya shiga uku, ita kuwa takan yi makonni.

Da wannan take ƙetare shekara a ƙasa irin tamu, inda ruwan sama bai wuce na wata uku zuwa huɗu ba. In ruwan farko ya sauka shinge ya tashi, to sallarta ta zo, sai ta ci har cikinta ya yi tulu. Damina da kaka duk wadata ce, ga tsutsa ga fara. Abin da ya yi saura sai jikinta ya mai da shi kitse, ya ajiye a ciki da kuma gindin wutsiya. In hunturu ya shigo, ƙwari suka yi ƙaranci, sanyi ya hana ta kuzari, sai ta lafe a rami ko ƙarƙashin tarin kara, tana fitowa jefi-jefi in rana ta yi daɗi, tana cin ajiyarta a hankali. Wato wutsiyar nan rumbunta ce.

Saboda haka yaron da ya taka wutsiyar kulɓa ta guntule, yana dariya wai ai wata za ta tsiro, ya sani rumbu ya ƙona mata. Gaskiya ne da gangan take sakin wutsiyar in shaho ko kyanwa ko maciji ya kama ta, guntun ya yi ta mutsu-mutsu, maƙiyi ya shagala da shi, ita ta tsere. Shuɗin da ke wutsiyar ƙananan ma yana taimakawa wajen jan idon maƙiyi daga kai zuwa can. Kuma gaskiya ne wata takan tsiro, sai dai da guringuntsi a ciki maimakon ƙashi, kuma sai ta ci abinci mai yawa kafin ta mayar. A Amurka akwai wata 'yar ƙaramar kulɓa da aka ga tana komawa inda ta yar da wutsiyarta, in maƙiyin bai cinye ba sai ta cinye abinta, don kada kitsen ya tafi a banza.

Batun ruwa kuwa, mafi yawansa daga jikin ƙwarin take samu, sai raɓa da take lasa, da ɗan abin da ya zuba a gindin randa. Ba ta fitsari mai ruwa kamar namu. In kun ga kashinta za ku ga baƙi da ɗan fari a ƙarshe. Farin nan shi ne fitsarin, an tace ruwan an mayar jiki.

'YAN'UWANTA NA NESA

Arewa da mu, cikin rairayin Sahara har zuwa ƙasar Larabawa, akwai wata kulɓa da Larabawa ke kira saƙanƙur. Malam Damiri, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1405, ya kawo ta a littafinsa Hayatul Hayawan, kuma likitocin dā sun daɗe suna sa ta cikin magani. Ita wannan nutso take yi cikin rairayi kamar kifi a ruwa. A shekarar 2009 wasu masana a wata jami'ar fasaha da ke birnin Atlanta ta Amurka suka ɗauki hotonta da na'urar nan mai ganin ƙashi, suka ga in ta nutse sai ta manne ƙafafu a jiki ta riƙa lanƙwasa. Tana kwance a ƙarƙashin rairayi take jin motsin ƙwaron da ke tafiya a sama, sai ta ɓullo ta kama shi.

A ƙasar Ostareliya akwai mai shuɗin harshe, ƙatuwa, mai faffaɗan haƙori da take fasa dodon koɗi da shi, ta haɗa da furanni da 'ya'yan itace. Wadda ta fi duka girma tana tsibiran Sulemanu, a kan bishiya take zaune, ganye take ci. Amma wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta wani tsibiri na ƙasar Birazil mai suna Fernando de Noronha. Bincike ya nuna gidansu ɗaya da kulɓar bayan ɗakinmu, kakanninta daga Afirka suka ƙetare teku, ana jin a kan itacen da ruwa ya kwasa. Da ta sami kanta inda ƙwari ba su wadata ba, sai ta koyi cin duk abin da ta samu, har takan hau wata bishiya 'yar'uwar minjirya da rani ta sha ruwan zaƙin furenta.

TAMBAYOYI BIYU

Wani ɗalibi ya tambaye ni, "Malam, ba an ce a kashe ta a hadisi ba?" Abin da ya zo a Buhari da Muslim a kan wazagu ne, wanda malamanmu suke fassarawa da tsaka. Kulɓa daban, tsaka daban, ko a Larabci sunansu ba ɗaya ba ne. A cikin Sahihu Muslim ɗin nan kuma an hana a mai da abu mai rai abin gwada saiti, kuma kun karanta labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Masu yawo da danƙo bayan an tashi daga makaranta, da ku nake. Ku koma Suratu Hud, aya ta 6, ku nemi malaminku na tafsiri ya yi muku bayanin wanda ya ɗauki nauyin arzikin kowace dabba.

Tambaya ta biyu daga iyaye mata take: in ta faɗa a abinci ko ruwa fa? A nan akwai gaskiya a cikin tsoron, sai dai ba a gane inda take ba. Jikin kulɓa ba guba ba ne. Amma ita da ƙadangare da tsaka, har da kaji, sukan ɗauki wasu ƙwayoyin cuta a hanjinsu, masu suna salmonela, waɗanda ke fita tare da kashi, suna kuma kawo gudawa da amai da zazzaɓi, musamman ga ƙananan yara. Ga shi kuma juji take bi. Saboda haka abincin da aka tarar da ita a ciki a zubar, randar da ta faɗa a wanke ta sosai, a riƙa rufe tukunya da faifai ko murfi, yaron da ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci wani abu.

Gubar da ta fi cancantar a ji tsoro a gidajenmu tana cikin kwalba. Fiya-fiyar da ake yayyafawa a ɗaki da kan buhun wake tana kashe kyankyaso, kulɓa ta zo ta ci kyankyason da ya sha magani ita ma ta bi shi, kaza ta tsattsagi gawar. In masu cin ƙwarin suka ƙare, ƙwarin su ke fara dawowa, domin sun fi saurin haihuwa, sai a sake sayen wata kwalbar. Ban da haka ga hatsarin da ke kan yaran gida da masu cin waken. Don ajiyar wake da hatsi, tun shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba.

Wanda ba ya son kulɓa ta shigo masa ɗaki, to ya janye mata kasuwa: a share gindin randa, a matsar da tarin kara da juji nesa da ƙofa, a toshe ramukan gindin bango. Da kanta za ta koma bayan gida.

'Yan aji huɗu zuwa shida, ga aikin hutun Alhamis da Juma'a. Kowa ya sami gindin katanga ko danga da hantsi, ya zauna nesa kaɗan, kada ya motsa, kada ya riƙe dutse. Ya rubuta a littafinsa, da ajami ko da boko, ƙarfe nawa kulɓa ta fito, mai ratsi ce ko babbar, sau nawa ta fiddo harshe kafin ta kama wani abu, kuma me ta kama. A kawo mini ranar Asabar kafin a fara hadda.